HAƘƘIN NAƘASASSU: IDAN ALJIHUN GWAMNATI YA YI ƘASA, WA AKE FARA YANKAWA?

  

Ya kai ɗan uwa mai karatu, kafin wannan jarida ta shigo hannunka yau, sahu biyu ka gani. Na farko shi ne wanda ka tsaya a cikinsa ka ba da farali. Na biyu kuwa shi ne wanda ya jeru tun daga ƙofar masallaci har bakin titi: makafi da 'yan jagorarsu, guragu a kan kekunan hannu, kutare da ƙoƙunansu a gaba. Wataƙila ka jefa naira 50 ko 100, aka yi maka addu'a, ka wuce kana jin ka sauke nauyi. Allah ya karɓa, ba mu raina sadaka ba. Amma tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, wa ya ajiye waɗannan bayin Allah a can? Kuma abin da muke jefa musu, kyauta ce muke yi, ko kuwa ɗan guntu ne daga cikin bashin da al'umma ta ci ta ƙi biya?

Domin mu gane amsar, bari mu fara da ƙasar da yawancin samarinmu suke ɗauka aljannar talaka ce, wato Birtaniya, uwargijiyar nan da ta mulke mu, ta tafi ta bar mana tsarin da ake juya mu da shi. Sau nawa ka ji ana cewa a majalisa, "Ai can ko ba ka aiki gwamnati za ta ciyar da kai, in kuwa naƙasasshe ne kai har mota ake ba ka"? To ga abin da ya sami naƙasassun can daga 2010 zuwa 2025.

ABIN DA YA FARU A BIRTANIYA

A 2008 manyan bankunan ƙasar suka durƙushe saboda cacar da suka riƙa yi da kuɗin riba. Gwamnati ba ta ce su ɗanɗani kuɗarsu ba, sai ta buɗe baitulmalin jama'a ta cece su. Banki guda kawai, wato RBS, an zuba masa sama da fam biliyan 45. Da aka wayi gari bashi ya yi wa gwamnati katutu, sai gwamnatin David Cameron da ta hau a 2010, da ministan kuɗinta George Osborne, suka ce dole kowa ya ɗaure ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda suka yi ɓarnar suna nan da albashinsu, aka juya kan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ka duba abubuwa uku da suka faru a wata guda, watan Afrilun 2013. Na farko, aka fara soke tsohon alawus ɗin naƙasassu da ake kira DLA, aka kawo sabo mai suna PIP. Tun a 2010 gwamnati ta riga ta faɗi cewa burinta shi ne ta rage kashi 20 cikin 100 na abin da ake kashewa, tun kafin a duba jikin mutum ko ɗaya. Wato an yanke hukunci kafin a yi shari'a. A da, wanda ba ya iya tafiyar da ta kai mita 50 shi ake ba cikakken tallafin zirga-zirga, wanda da shi ne ake iya karɓar motar da ake ta labari. Sai aka mayar da ma'aunin mita 20. In kana iya jan jiki daga ƙofar ɗakinka zuwa bakin titi, to a wurinsu ka warke. Da wannan dubban mutane suka rasa motocinsu, suka koma zaman ɗaka.

Na biyu, aka kawo abin da jama'a suka sa wa suna "harajin ɗakin kwana". Wanda ke zaune a gidan gwamnati yana karɓar tallafin haya, in aka ga yana da ɗaki guda da ake ganin rara ne, sai a zaftare kashi 14 cikin 100 na tallafin, in biyu ne kashi 25. Lissafin gwamnatin da kanta ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na gidajen da abin zai shafa akwai naƙasasshe a ciki, alhali kuwa sau da yawa ɗakin nan a cikinsa ake ajiye keken guragu da na'urorin jinya.

Na uku, a cikin wannan watan dai, aka rage wa masu samun sama da fam 150,000 a shekara haraji daga kashi 50 zuwa kashi 45. Kai jama'a! Aljihun da ya bushe wa gurgu, shi ne kuma ya yi wa attajiri ambaliya.

Ban da wannan akwai gwajin iya aiki, wanda gwamnatin jam'iyyar Leba ta ƙirƙiro a 2008, gwamnatin Cameron kuma ta faɗaɗa shi ya game duk masu karɓar tallafin rashin lafiya. An ba wani kamfanin Faransa mai suna Atos kwangilar wannan aiki. Za a zaunar da mai ciwo a yi masa tambayoyi, ana ba shi maki kamar ɗan makaranta, in bai kai adadin da aka yanka ba sai a ce lafiyarsa lau, ya je ya nemi aiki. A watan Agustan 2015 ma'aikatar ayyuka da fansho ta fitar da alƙaluman da suka nuna cewa mutum 2,380 sun mutu tsakanin Disambar 2011 da Fabrairun 2014, jim kaɗan bayan an ce suna da lafiyar yin aiki. Gwamnati ta ce alƙaluman ba su nuna sanadin mutuwar ba. Mun yarda ajali na Allah ne, amma wace irin lafiya ce wannan da ake tabbatar wa mutum yana bakin kabari? A wannan shekarar kuma masu bincike daga jami'o'in Libaful da Okisfod suka danganta wannan gwaji da ƙarin mutum 590 da suka kashe kansu a Ingila tsakanin 2010 da 2013.

A 2018 ma'aikatan kotu suka je fitar da wani mutum daga gidansa saboda bashin haya, sai suka iske gawarsa. Yana fama da matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa, an dakatar da tallafinsa watanni takwas kafin nan saboda bai halarci gwaji ba. Nauyin gawar bai kai kilo 30 ba, binciken da aka yi kuma ya tabbatar yunwa ce ta kashe shi. Wannan a ƙasar da take cikin mafi arziki a duniya, wadda take yawo tana koya wa wasu haƙƙin ɗan Adam.

KAFIN WUƘA, HARSHE

Abin lura a nan, ya ɗan uwa, shi ne azzalumi ba ya fara yanka sai ya ɓata sunan abin yankan. Shekara da shekaru wasu jaridun ƙasar da 'yan siyasa suka yi ta kiran masu karɓar tallafi 'yan cima-zaune, maƙaryata masu ƙirƙirar ciwo, har talaka mai aiki ya fara kallon maƙwabcinsa gurgu a matsayin wanda ke cinye masa gumi, ya manta da mai banki. Alhali kuwa ƙiyasin ita kanta ma'aikatar ya nuna cewa zambar da ake yi a alawus ɗin naƙasassu ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Bil hasali ma, shekaru da dama, a cikin kowane mutum 10 da suka kai ƙarar hana su PIP aka saurare su a kotu, kusan 7 su ne suke yin nasara. To wa ke ƙarya ke nan?

Naƙasassun ba su naɗe hannu ba. A 2010 suka kafa ƙungiyar DPAC domin yaƙi da zaftare tallafi. A 2012 suka ɗaure kekunansu da sarƙa suka tare babban titi a tsakiyar Landan. A wannan shekarar, wajen wasannin naƙasassu na duniya da aka yi a birnin, waɗanda kamfanin Atos yana cikin masu ɗaukar nauyinsu, dubban 'yan kallo suka yi wa Osborne ihu lokacin da ya fito ba da lambar yabo. Su ne kuma suka kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya, har kwamitinta na haƙƙin naƙasassu ya yi bincike, ya fitar da rahoto a Nuwamban 2016 cewa Birtaniya ta keta haƙƙinsu keta mai tsanani kuma a tsare. Gwamnati ta yi watsi da rahoton. A watan Maris na wannan shekarar kuwa, shi kansa ministan da ya jagoranci wannan aiki, Iain Duncan Smith, ya ajiye muƙaminsa, yana cewa ba zai iya kare ƙarin yanka a kan naƙasassu ba a cikin kasafin da ya sauƙaƙa wa masu hali haraji.

Wani zai ce ai wannan halin jam'iyyar 'yan mazan jiya ne. To a 2024 jam'iyyar Leba, mai kiran kanta ta ma'aikata da talakawa, ta karɓi mulki ƙarƙashin Keir Starmer. A Fabrairun 2025 ta ba da sanarwar ƙara kuɗin soja da makamai. A watan Maris ta kawo shirin zaftare kusan fam biliyan 5 a shekara daga tallafin marasa lafiya da naƙasassu, duk da cewa lissafinta ya nuna hakan zai jefa ƙarin mutum 250,000 cikin talauci, 50,000 daga ciki yara ne. Sai da naƙasassu suka sake fitowa, 'yan majalisa sama da 120 na jam'iyyar suka yi tawaye, sannan a ranar 1 ga Yulin 2025 gwamnati ta janye ɓangaren da ya shafi PIP. Duk da haka dokar da ta wuce ta tanadi rage kusan rabin ƙarin kuɗin rashin lafiya ga sababbin masu nema daga Afrilun 2026.

Darasin a fili yake. Jam'iyya ta sauya, wuƙa ba ta sauya wuya ba. Tsarin da ya ɗauki ɗan Adam a matsayin injin samar da riba, dole ya kalli wanda ba ya iya aiki a matsayin asara. Abin da yake ba shi alfarma ce, ranar da ya ga dama ya janye. Ɗan abin da ya tsira kuwa, tsayuwar masu haƙƙin ce ta tsirar da shi.

MU KOMO GIDA

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wannan karatun na tsuke bakin aljihu a kan raunana mun fara haddace shi tun 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP bisa tsarin Bankin Duniya da Asusun Lamuni na IMF, aka fara janye hannu daga asibiti da makaranta. Bambancinmu da Birtaniya shi ne, can akwai alawus ɗin da za a zaftare, nan kuwa yawancin naƙasassunmu ba su taɓa ganin ko sisi ba. Saboda haka a nan yankan ta bayan gida yake zuwa. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Kai mai ƙafa biyu ka ce za ka taka. Gurgu fa? Makahon da dole ya biya kuɗin mota na mutum biyu, shi da ɗan jagora? Mai farfaɗiya da ke shan magani kullum? Mai ba da sadakar ma aljihunsa ya bushe. A wannan shekarar ta 2023 aka sayo wa 'yan majalisar tarayya manyan motocin alfarma, a Janairun 2024 kuma aka dakatar da ministar jinƙai bisa zargin tura naira miliyan 585 na tallafin marasa galihu zuwa asusun da ba na gwamnati ba.

Ba doka ce babu ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta ce kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati nasu ne. Ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu bambanci, kamfani kuwa naira miliyan 1. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar kula da su a 2020. To ka zagaya sakatariya da kotu da banki da asibitin garinku, ka ƙirga da idonka nawa aka gyara.

Abin da gwamnatoci suka fi ƙwarewa a kai shi ne kora. Kano ta hana bara a 2013, Kaduna ta hana a 2015, har mabarata suka fito zanga-zanga suna tambayar me za su ci. Ba muna kare bara ba ne, domin Musulunci bai yarda ta zama sana'a ba. Amma wanda ya ƙwace ƙoƙo bai ba da jari ba, bai kawar da talauci ba, ya dai ɓoye shi ne daga idon manyan baƙi. Jihar Jigawa a 2007, zamanin Sule Lamido, ta fara biyan wasu naƙasassu naira 7,000 a wata, abin da ya nuna cewa in an so ana iyawa. Sai dai duk abin da ya rataya a kan son ran gwamna, ba shi da tabbas ranar da kujera ta juya.

MA'AUNIN MUSULUNCI

Musulunci bai kira rabon mabuƙaci alfarma ba. A cikin Suratuz Zariyat da Suratul Ma'arij, Allah ya kira shi haƙƙi ne a cikin dukiyar mai dukiya. Haƙƙi kuwa ba a roƙonsa, kuma ba a zaftare shi don kasafi ya yi ƙasa. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan sha'anin makaho, Abdullahi bn Ummi Maktum, wanda ya zo neman ilimi a lokacin da ake zance da manyan Ƙuraishawa, aka nuna wa duniya wanda ya fi daraja a wurin Allah. Wannan makahon ya zama ladanin Manzon Allah (SAW) tare da Bilal, kuma sau da dama idan Manzo zai fita yaƙi shi yake bar wa Madina. Ba a zaunar da shi a ƙofar masallaci ba, gaban sahu aka sa shi. Amru bn Jamuh gurgu ne, Alƙur'ani ya ɗauke wa irinsa fita yaƙi, 'ya'yansa suka so hana shi, amma ya nace, Manzo ya bar shi, ya yi shahada a Uhudu. Wato an sauƙaƙa masa wajibi, ba a rufe masa ƙofar ɗaukaka ba.

An ruwaito cewa Halifa Umar ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara, ya ɗauke masa jiziya, ya yanka masa rabo daga baitulmali. An ruwaito irin wannan daga Imam Ali game da wani tsoho Kirista, inda ya zargi jama'a da cewa sun ci ƙarfinsa yana saurayi, sun yar da shi da ya tsufa. A wasiƙarsa ga Malikul Ashtar da ya tura shi Masar, ya umarce shi ya ware wa musakai da miskinai rabo daga baitulmali, ya kuma sa amintaccen mutum ya riƙa nemo waɗanda ba sa iya isowa gare shi. Ka gwada wannan da tsarin da yake yanke wa mai ciwo abinci don ya kasa zuwa ofis. Can shugaba ne ke neman mai rauni, nan mai rauni ne ke rarrafe yana neman shugaba.

TO MU FA?

A nan ne maganar ta dawo kanmu, domin ba daidai ba ne mu yi ta la'antar zaluncin Landan da Abuja alhali irinsa yana ƙofar masallacinmu. Masallatai nawa muka gina da matakala goma ba tare da gangarar da keke zai hau ba? Wurin alwala nawa gurgu zai iya amfani da shi? Kurma nawa ne suke halartar Juma'a shekara 20 ba su taɓa sanin abin da liman ya faɗa ba, don babu mai fassara musu da hannu? Wa zai ba gurgu mai addini da sana'a ƙanwarsa? Sau nawa muke zagin junanmu da sunan larurar da Allah ya jarrabi wani da ita?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin kowane 6 a duniya yana da wata naƙasa. Kai saurayi da kake ji da ƙarfi, tsakaninka da wancan sahun na biyu faɗuwa ɗaya ce a kan babur, ko harsashi ɗaya, ko ciwon suga, ko tsufa in Allah ya ja kwana. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ga abin da ke gabanmu. Duk inda kake cikin kwamitin masallaci ko makarantar Islamiyya, ka tayar da maganar gangara da wurin alwala, 'yan buhunan siminti ne. A samu matasa a kowane yanki su koyi maganar hannu domin huɗuba da karatu. Mai shago, tela, mai gyaran waya, kowa ya ɗauki naƙasasshe guda ya koya masa sana'a, domin guragun da suke ƙera kekunan hannu a Kano sun riga sun nuna cewa dama kawai ake nema. Zakka a tara ta a ba mutum jarin da zai fitar da shi daga layi, maimakon a warwatsa ta naira ɗari-ɗari. Mu san abin da dokar 2019 ta ƙunsa, mu riƙa tuhumar masu mulki da alƙawarin da suka sa wa hannu da kansu. Idan naƙasassu suka fito neman haƙƙinsu mu tsaya a bayansu, kuma mu bar su su yi magana da bakinsu, domin suna da ƙungiyoyinsu da sarakunansu, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, sun fi mu sanin inda ke musu ciwo.

Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa albarkacin raunanan cikinmu ake ba mu nasara da arziki. Duk gwagwarmayar da take neman tabbatar da adalci a bayan ƙasa, amma ta tsallake makaho a bakin ƙofa ta shiga, to ta bar makaminta a waje. Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, kafin ka jefa kuɗi a ƙoƙo, ka durƙusa ka yi sallama, ka tambayi sunansa da sana'ar da ya iya. Daga nan aikin zai fara.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin raunana, ya kawo mana ƙarshen zalunci da azzalumai.